Wayar Baba Mai Takwas

Yaya Mai Gyara,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da matarka da yaran, da shagon nan naka mai ƙaurin dalma da ko kyanwa ba ta iya juyawa a ciki. Ni lafiya lau, sai ɗan tari da sanyin ɗakin gwajinmu ya manna mini. Ya jikin Inna? Kumburin ƙafar ya sauka kuwa? Kada ka ce mini "da sauƙi" irin ta mutanen gida, ka faɗa mini abin da idonka ya gani.

To, abin da na yi alkawari ya kammala, ga shi nan na haɗo maka da wasiƙar a ɗan katin memori. Wata bakwai na yi a kansa, a kan lokacin karatuna, har malamina ya fara yi mini kallon wadda ta ɓata hanya. Manhaja ce. Mutum zai yi magana kusa da waya, ita kuma ta rubuta abin da ya faɗa da manyan baƙaƙe, ba data, ba komai. Tun da ƙarar injin niƙan nan ta gama cinye kunnen Baba, shekara uku ke nan, ku ne kuke rubuta masa magana a takarda. Inna kuwa ba ta rubutu, kuma ka san abin da ta ce mini kafin in taho: tana da magana da mijinta, kuma ba maganar da za ta bi ta alƙalamin wani ba ce. Shekara arba'in da shida suna ɗaki ɗaya, yau sai kallo da nuni da hannu. Abin nan yana hana ni sukuni, Yaya.

Ga yadda take aiki, ka karanta a hankali don na san kai allon waya da batir ka sani, cikin kanta ya fi ƙarfinka. Ƙwaƙwalwar waya ba dunƙule ɗaya ba ce, ƙwayoyi ne, kowace tana aikinta. Shi ne abin da kuke cewa a kasuwa mai huɗu, mai takwas. Na yi wa manhajar kunne biyu. Babban kunne yana jin magana tas, amma yana da nauyi. Ƙaramin kunne yana ɗan tuntuɓe, amma ko raunanniyar waya za ta ɗauke shi. Da an buɗe manhajar sai ta tambayi wayar, ƙwayoyinki nawa? In ta ji shida zuwa sama, ta ɗauko babba ta raba musu aikin. In ƙasa da haka ne, ta ɗauko ƙarami.

Wayar da ka kai wa Baba bara ka ce mai takwas ce, ta ma fi wadda nake gwaji da ita. Allah ya saka maka, ka sauƙaƙa mini aiki. Ka saka masa, ka nuna wa Inna inda za ta danna, sannan ka fita ka ja musu ƙofa. Ban da laɓe, na san halinka.

Taubashiyarka,
Auta

*

Injiniya Auta,

Wa alaikumus salam. Duk muna lafiya. Matata tana gaishe ki, ta ce ki rufe ƙirjinki. Kumburin Inna bai sauka ba, ya ma hau har gwiwa, kuma in ta taka daga gado zuwa ƙofa sai ta zauna ta huta. Kin ce in faɗi abin da na gani, shi ke nan na faɗa.

Kin ce cikin waya ya fi ƙarfina. Na ji. Wanda ya koya miki riƙe sukundireba kina da majina a hanci ne kike faɗa wa haka, ba komai.

Na saka abin naki ranar da ya iso, bayan la'asar. Inna ta sa aka canza mata ɗankwali, wallahi kamar mai jiran baƙo. Baba ya goge tabaransa da bakin riga ya zauna a gefen gado. Na ce a fara gwadawa ina nan. Inna ta matso da bakinta ta ce, "Malam, ka ci abinci?" Muka zuba wa wayar ido. Shiru. Wani ɗan zobe yana ta juyawa a tsakiya. Bayan wayar ya ɗau zafi har Baba ya sauya hannu. Sai da na ƙirga kusan minti huɗu sannan ta rubuta "Malam ka", ta tsaya cak, ta koma ta mutu.

Baba ya dube ni ya ce, da muryar nan tasa da ba ya jin ƙarfinta, "Malam ka me?" Inna ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Ta ce, "Gaya wa Auta abin nata ya fi uban nata kurumta." Muka sake sau biyar, duk haka. A na ƙarshe Inna ba ta yi dariya ba. Ta kwance ɗankwalin ta ninke ta ajiye ƙarƙashin filo.

Kin san tawa wayar ta wani kamfani ce mai tsari daban, abin naki ba ya hawa kanta, na mutane da ke shago kuwa amana ce, ba na loda musu komai. Ki duba ko akwai inda kika manta wani waƙafi.

Yayanki

*

Yaya,

Salama da gaisuwa. Tarin ya tafi. Ka gaida Baba, ka rubuta masa cewa ina nan ina fama. Inna kuma ka ce mata na ji saƙonta, kuma na yi dariya, ko da yake ƙarya ne, kuka na yi a bakin famfon ɗakin gwaji har mai shara ta tambaye ni ko rasuwa aka yi.

Sati uku na yi ina tonon abin nan layi bayan layi. Na gwada a waya goma sha ɗaya na abokan karatu, kowace tana rubutu kafin mutum ya rufe baki. To me ya sami ta Baba? Ga abin da nake zato. Hanyar da na bi ta farko ita ce in tambayi tsarin wayar kai tsaye, shi kuma ba kullum yake ba da amsa ɗaya ba. Wani lokaci waɗanda ke farke kawai yake ƙirgawa, don waya tana kwantar da wasu ƙwayoyin in ta ji zafi ko caji ya yi ƙasa. Na ce wataƙila a nan lissafin ya rikice.

Don haka na ƙara hanya ta biyu. Can cikin wayar akwai wurin da kowace ƙwaya take da nata ɗan fayil, jere, daga sifili zuwa sama, ko tana barci ko tana farke. Yanzu manhajar za ta shiga ta ƙirga su da kanta. Na sa ta nuna lambobin biyu a saman fuskar wayar, ta farko da ta biyu. Ka buɗe da cikakken caji, a inuwa, ka cire mata rigar roba, ka rubuto mini abin da ka gani.

Ka gane muhimmancin lambar nan, Yaya. Manhajar ba ta da ido, abin da wayar ta faɗa mata shi take yarda da shi. In an ce mata takwas, buhu takwas za ta sauke, ta ɗauka ma'aikata takwas ne tsaye a bakin mota. Duk ginin a kan wannan lambar yake.

Ka yi sauri don Allah. Na yi magana da Inna shekaranjiya, numfashinta ya fi maganarta yawa.

Auta

*

Auta,

Muna lafiya, Inna tana nan yadda take.

Na yi yadda kika ce. Takwas da takwas ta nuna. Ta yi zafi ta mutu kamar da.

Ki daina wahalar da kanki haka, ki koma kan karatunki. Laifin ba naki ba ne.

Yayanki

*

Yaya,

Ina gaisuwa, tunda tarbiyya ta ce a gaisa. Ina fata lafiya ce ta sa ka yi sati biyar ba amsa. Wasiƙa uku na aiko. Na kira, matarka ta ce kana shago, na kira shago, an ce ka fita sayen kaya. Lafiyar uwata sai a bakin maƙwabciya nake ji, ita ce ta ce mini an kwana biyu da ita a asibiti an dawo.

Layi huɗu ka rubuto mini, a ciki har da "laifin ba naki ba ne". Na karanta shi ya fi sau ashirin. Na san irin wannan maganar, ita ake faɗa wa yaro in ya fasa kofi don kada ya yi kuka. Wato ka yanke cewa Auta ta ɗauko abin da ya fi ƙarfinta, a lallaɓa ta ta sauke. To ban sauke ba. Ba kai ne kake kallon hoton su biyun nan a jikin bango kullum ba, kana tuna cewa ka yi wa tsohuwa alkawari ka kasa. Ka bar ni da tausayinka, ba shi na roƙa ba, danna maɓalli kawai na roƙa.

Na daina zuwa aji biyu. Malamina ya kira ni ofis ya ce in zaɓa. Na sake rubuta babban kunne daga tushe, na rage masa nauyi, na sake duba yadda nake raba aikin, ban sami komai ba, ko ɗigo. Akwai ranar da na zauna a gaban kwamfuta tun safe har aka zo rufe ɗakin, ban rubuta harafi ɗaya ba, ina ta tunanin ko dama can ban iya komai ba ne.

Wata tsohuwar ma'aikaciya a ɗakin gwajinmu, mai kula da na'urori, ita ce ta gan ni a haka. Na ba ta labari. Ta ce, "Ke kullum tambayar wayar kike yi. Kin taɓa sa ta aiki kin tsaya kin gani?" Shi ne na yi hanya ta uku, wadda ba ruwanta da abin da waya ta ce. Manhajar za ta ba da wani lissafi ga ƙwaya ɗaya ta auna lokaci. Sannan ta ba da irinsa biyu a tare, sannan huɗu, sannan takwas. In ma'aikatan takwas ne da gaske, takwas ɗin za su gama kusan lokacin da ɗaya ya gama. In ba su kai ba, lokacin zai ninka, a nan za a san su nawa ne a bakin motar.

Maɓalli ne ja a ƙasa. Minti ɗaya zai ɗauka. In kai ba ka da minti ɗaya, ba wa matarka ta danna.

Auta

*

Ƙanwata,

Assalamu alaikum. Ban san ta inda zan fara ba, to bari in fara da Inna, don ita ce ta fi. Ranar Talata da hantsi tana zaune ana shafa mata mai a ƙafa sai kofin ya suɓuce daga hannunta. Bakinta ya karkace. Mun kai ta asibiti, likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, ɓangaren dama. Tana gane mutane, tana bin mu da ido, tana haɗiyar ruwa a cokali. Amma magana ta tafi. Na tambaye shi ko za ta dawo, ya ce da irin zuciyarta da shekarunta kada mu sa rai sosai. Mun dawo da ita gida jiya. Na hana kowa kiranki don na ce ni zan faɗa miki, kuma a rubuce, saboda akwai sauran magana da ba zan iya faɗa da baki ba.

Wasiƙarki ta iso ranar Litinin. Ban danna jan maɓallin ba sai yau da safe, don na san abin da zai ce. Biyu ya nuna.

Biyu ce, Auta. Ni na mayar da ita takwas da hannuna.

Kin san ni da gyara, Inna ma haka ta san ni, kullum tana cewa ɗan ɗan'uwanta mai rayar da matattun wayoyi. Gyaran ina yi. Amma shekara huɗu ke nan abin da ya fi riƙe shagon wani aiki ne. Ana kawo mana wayoyi a kwali, masu kyan jiki, cikinsu ba komai. Mu yi musu filashin, wato mu sake loda musu tsarin ciki, mu shiga inda wayar ke faɗin kanta mu sauya lambobin, mai biyu ta zama mai takwas, a duk inda mai saye zai leƙa. Har fayilolin nan da kika ce kina ƙirgawa, akwai abin da muke sakawa ya nuna takwas a jere. Layinmu na kasuwa kaf haka ake yi, har ba ma ganin abin a matsayin komai. Muna ce masa kwalliya.

Ta Baba a cikin irin kwalin nan na zaɓo ta, wadda ta fi haske da manyan baƙaƙe, don karatu kawai yake da ita. Na riga na yi wa kwalin duka kwalliya kafin in zaɓa. Da na kai, Inna ta tambaya mai kyau ce? Bakina ya riga ni, na ce mai takwas ce, irin ta manya. Ba ta san me takwas ɗin take nufi ba, ta dai kama kaina ta sa mini albarka har sai da na ji kunya.

Wallahi a gwajin farko ban haɗa abin ba. A wurina lambar nan ado ce, ta idon mai saye, ban taɓa sanin akwai abin da ke dogara da ita ba. Sai da kika rubuto maganar buhu takwas. A tsaye na karanta a shago, na nemi kujera. Daga ranar na sani.

Layi ɗaya ya kamata in rubuto miki. Na ɗauki biro ya fi a ƙirga. Sai in tuna za ki tambaya ta yaya aka yi, kuma maganar za ta kai kunnen Inna, matar da ta ɗauke ni ina shekara shida ta haɗa ni da 'ya'yanta ba ta taɓa bambanta kwano ba. Sai na ce bari in gyara a ɓoye. Na nemi asalin fayil ɗin wayar, ashe ba ma ajiyewa, wa zai ajiye? Na gwada na wata mai kama da ita, wayar ta ƙi tashi kwana tara, Baba yana ta tambayata ina wayarsa, da ƙyar na dawo da ita yadda take. Na sa a kawo mini ta gaske daga wurin wani da na yarda da shi, ya ce sati biyu, ga shi yau sati biyar. Kullum ina cewa gobe. Da na rubuta miki laifin ba naki ba ne, iyakar abin da ƙarfina ya kai ke nan, na yi fatan za ki tambaye ni to na wane ne. Kika ɗauka raini ne. Ban ga laifinki ba.

Akwai abin da ban gaya miki ba. Ana sauran kwana goma abin nan ya same ta, Inna ta kira ni ta ce, "Abin Auta ya gyaru?" Na ce saura kaɗan. Na ce ko ta faɗa mini in rubuta, in rantse ba zan tuna ba. Ta ce, "A'a, ɗana, zan jira."

Ba na neman ki yafe mini yanzu.

Yayanki, in har yanzu kin yarda

*

Yaya,

Na karɓi wasiƙarka. Ka riƙa juya Inna duk bayan awa biyu don kada bayanta ya yi gyambo, kuma a ɗaga kanta in za a ba ta ruwa. Na nemi izinin tafiya a makaranta, sun ce sai an gama jarrabawa, sati shida. Zan zo ko sun ba ni ko ba su ba ni ba, takardun hanya kawai nake jira.

Ga manhajar. Na cire tambayar gaba ɗaya, ƙaramin kunne kawai za ta ɗauka. Tsakanin azahar da la'asar na gama, har da shan shayi a tsakiya. Ina so ka san wannan.

Ba zan faɗa wa Baba ba, kuma ba don kai ba. Sauran maganar ba ni da ita yanzu. Na zauna in yi fushi da kai, sai na tarar gajiya ta fi fushin yawa. Ni ma wata uku ina tambayar waya, ban taɓa tambayar mutumin da ya kawo ta ba.

Ka saka masa duk da haka.

Auta

*

Auta,

Salama. Jikin Inna yana nan, ba gaba ba baya. Muna juya ta yadda kika ce. Baba yana cin abinci kaɗan.

Na saka jiya da safe. Tana aiki. Na ce "Baba, ina kwana," kafin in rufe baki ta rubuta, wayar ko ɗumi ba ta yi ba. Baba ya karanta, ya dube ni, ya ce in sake. Na sake. Ya yi dariya irin wadda na manta yana da ita, ya ce, "Auta ta iya! Na ce muku yarinyar nan za ta iya." Sai ya miƙe ko sandarsa bai ɗauka ba, ya nufi ɗakin Inna.

Mun rubuta masa tun ranar farko cewa maganarta ta tafi. Ya karanta, ya gyaɗa kai. Amma shi shekara uku ke nan bakin kowa motsi kawai yake yi a wurinsa, nata ma yana ɗan motsi har yanzu, don haka ban jin maganar ta zauna masa.

Ya zauna a gefen gadon ya kara wayar kusa da bakinta. Ya ce, "To, ga shi an gyara. Faɗi, ina ji." Ya waiwayo ya yi mini nuni in fita. Na fita na ja ƙofar kamar yadda kika ce tun farko, ban laɓe ba, na zauna a tsakar gida.

Ya fi awa ɗaya a ciki. Da ya fito sai ya miƙo mini wayar. Ta rubuta sallamar mai sayar da ruwa daga waje, ta rubuta matata tana kiran yara su zo su karya. Sauran duk maganarsa ce shi kansa, "faɗi mana", "ina ji", "kada ki ji kunya, ba kowa", layi bayan layi har ƙasa.

Ya ce, "Tana ta magana, ina ganin bakinta, abin bai kama ba. Rubuta wa Auta ka ce saura kaɗan, ta ƙara masa ƙarfi."

Na ce to. Yau ma tun da ya karya yana ciki da wayar. Ki faɗa mini abin da zan ce masa, don ni ban sani ba.

Yayanki